Tsinken Farko

Ni dai tun farko ban yarda da murhun nan ba. Ranar da ɗanmu Jawad ya aiko shi daga Sifen, cikin kwali mai hoton wani Bature yana dariya da cinyar kaza a hannu, na ce wa mijina Bushaib abin da ake naɗewa kamar jaka, mai ƙafafu kamar na sauro, ba zai gasa hanta ba. Ya ce ni dama bai taɓa ganin an kawo sabon abu na yaba ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma wannan karon ni ce da gaskiya.

Shekara uku ke nan muna zaune a mota. Bushaib ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa bas daga garinmu Settat zuwa kudu. Da ya ajiye aiki ya zauna a gida wata goma sha ɗaya, ya rame, ya daina aski, ya koma zaman bakin taga yana ƙirga motocin da ke wucewa. Rannan sai ga shi da wata tsohuwar farar motar kaya da ya saya a hannun mai kayan lambu. Ya kafa mata gado da kabad da tankin ruwa, ya ce zai je ya ga garuruwan da ya ƙare rayuwarsa yana ratsawa bai taɓa tsayawa ba. A gaban 'ya'yanmu na ce zan bi shi ne kawai don kada yunwa ta kashe shi, tunda ko ƙwai bai iya soyawa ba. Haka kowa ya riƙe maganar har yau.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Shekara arba'in na yi a bene, hawa na uku, tagar kicin ɗina tana kallon bangon maƙwabta, ina jiran ƙarar makullinsa a ƙofa. Safiyar farko da na buɗe ƙofar mota na ga teku shimfiɗe a gabana, babu bango, babu mai kiran sunana, wallahi na ji wani daɗi da ban san akwai irinsa a duniya ba. Sai dai bakina ya riga ya saba da mita. Gari na wayewa zan ce gadon ya karya mini baya, ruwan ya yi gishiri, yashi ya shiga kuskus. Shi kuma ya sunkuyar da kai, ya ɗauka saboda shi nake haƙuri. Na bar shi a haka, don na lura in yana jin kunyata ya fi kula da ni.

Bana tun watan Fabrairu muke wani gandun tsuntsaye a kudu da Agadir, muna aikin sa-kai. Tsuntsun da ake gadi jinjimi ne mai sanƙo, baƙi wuluk, kai ja babu gashi, baki dogo a lanƙwashe, gashin ƙeya a tsaitsaye. Ranar da na fara ganinsa na ce wa Bushaib barka, ya samu danginsa. Suna yin sheƙa a jikin tsaunin da ya leƙa teku, kuma ba su da yawa, shi ya sa ake tattalinsu. Aikinmu ba wani mai wuya ba ne. Da safe mu cika musu kwami uku na siminti da ruwan daɗi, sannan in zauna da madubin hangen nesa in duba wa ke kan sheƙa wa ya tashi, Bushaib ya rubuta a littafi, don rubutunsa ya fi nawa kyau. Babban abin shi ne kada mutum ya matsa bakin tsaunin. Iyayen suna firgita su tashi, kafin su dawo hankaka ya yi gaba da ɗan.

Duk na sa musu sunayen maƙwabtanmu na Settat. Akwai mai faɗa da kowa, akwai mai satar ƙiraren sheƙar wasu, kowacce da mai sunanta. Zuwa lokacin Babbar Salla 'ya'yan duk sun tashi, saura sheƙa ɗaya, ta wadda nake kira Lalla Zhor, saboda Zhor ta gaske ko jana'iza sai an dawo take zuwa. Ɗanta ɗaya, yana ta karkaɗa fiffike a bakin dutse, bai yi ƙarfin halin sakin ƙafa ba tukuna.

Masu gadin gandun duk 'yan ƙauye ne masu iyali. Muka ce wa shugabansu, Dadda Lahsan, su je su yi salla a gidajensu, mu za mu riƙe wurin. Ragonmu yana Settat, mijin 'yarmu zai yanka mana. Dadda Lahsan ya ji daɗi, amma ya ja mana kunne. Ranar salla da rana mutanen gari suna kwararowa bakin teku da murhunan gawayi, ga ciyawa ta bushe ƙamas, ga iska. Gawayi kam haramun ne a cikin gandun, ko na wane ne. Murhun gas ya yarda da shi, a kan dakalin siminti da ke gefen hanya. Kuma da yake wata babbar mota ta tumɓuke ƙarfen da ake ɗaura sarƙar tare hanya, sai muka gicciye motarmu a hanyar, ta zama ita ce ƙofa.

Ranar jajibere da la'asar Jawad ya kira. Bushaib ba ya jin waya sai ya buɗe murya, don haka ina yankan albasa ina jin komai.

"Baba, yanzu fisabilillahi haka za ku yi salla a daji? Mama ta kai shekarun da za ta zauna a gida jikoki su kewaye ta."

"Lafiyarta ƙalau."

"Ko bulfaf ba za ta ci ba gobe, na sani."

A nan ya taɓo inda bai kamata ba. Kowane gida ana gasa bulfaf ranar salla, hantar rago a naɗe cikin kitsen nan mai kamar raga, a tsire a tsinke. Amma a gidanmu tun shekarar aurenmu tsinken farko daga hannun Bushaib yake zuwa hannuna, kafin yara, kafin baƙi, kafin mahaifiyarsa ma, wadda ta rasu ba ta yafe mini wannan ba. Shekara arba'in da uku bai taɓa fashi ba. Ko shekarar da aka sa shi aiki ranar salla, sai da ya tsayar da bas a ƙofar gida.

Bushaib ya ce, "Jawad, saurara. In Mbarka ba ta ci bulfaf daga hannuna gobe ba, to kai ne da gaskiya. Jibi zan juya mota Settat, mu zauna. Na ba ka magana."

Wuƙa ta tsaya a hannuna. Na san mutumin da na aura, in ya ce ya ba da magana an gama. Sallar bara da ta bara waccan muna da murhun yumɓu, amma ya fashe a hanyar tsaunuka da kabad ya buɗe a kan kwana, shi ya sa Jawad ya aiko wannan mai ƙafar sauron. Sau ɗaya muka gwada shi da kifi, muka ci rabi ɗanye. Ke nan zamana a bakin teku, da tsuntsayena, da duk hanyoyin da ba mu bi ba tukuna, sun rataya a kan wannan tarkacen. Da na buɗe baki a lokacin na ce ni ba na son komawa, da an wuce wurin. Amma wadda ta shekara uku tana kuka da mota, da wane ido za ta juya a gaban ɗanta? Na ci gaba da yankan albasa.

Da sassafe Dadda Lahsan ya zo da babur ya ɗauki Bushaib zuwa filin idi. Ni na cika kwamin ruwan, na leƙa Lalla Zhor da ɗanta, na dafa shayi. Bushaib ba ya sa komai a baki ranar salla sai hanta ta nuna, kuma ya ɗauka ni ma haka nake. Na ci burodi da man zaitun a tsaye, na goge bakina. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka dawo, shi da farar jallabiyarsa da silifa ruwan ɗorawa, riƙe da kwano a rufe. Dadda Lahsan ya ba mu rabin hantar ragonsa da kitse mai kyau, har da ɗumi.

"Si Bushaib, da ka bari matata ta gasa muku, ga wuta can tana ci," in ji shi.

"Allah ya saka da alheri, Dadda. Wannan aikin hannuna ne."

Dadda Lahsan ya dube ni, na ɗaga masa kafaɗa, ya ja babur ya koma.

Bushaib ya naɗe hannun riga, ya kafa murhun a kan dakali. Bakin tiyon murhun bai dace da tukunyar gas irin tamu ba, tun tuni ya haɗa su da guntun roba da waya, abin dai sai a hankali. Ya kunna, wuta ta tashi shuɗiya kyakkyawa, har ya waigo ya yi mini murmushi. Iska ta taso daga teku ta hure ta. Ya sake kunnawa, ta sake hurewa. Ya jingina teburinmu ta gefen iska, ya ƙara da katifar kujera, a ƙarshe ya miƙo mini bargo ya ce in tsaya in riƙe shi a buɗe. Ni Mbarka, ranar salla, da sabon kaftani, na zama igiyar shanya.

"Ɗaga hagu kaɗan."

"Hannuna ya gaji."

"To dama."

"Ka yanke shawara mana, direba. Haka kake yi wa fasinja?"

Wutar ta tsaya, amma ta koma ja, 'yar mitsitsiya, ko ruwan shayi ba za ta ɗumama ba. Ya ce yashi ne ya toshe bakin da gas ke fita. Ya kashe, ya ɗauko sufana, ya kwance wani ɗan bakin tagulla da bai fi ƙwayar wake ba, ya karɓi allurata ya tsokace shi. Na ce ya yi a kan faranti. Ya ce shekara nawa yana kwance injin bas a gefen hanya, ba sai an koya masa ba. Ya kai shi baki ya hura da ƙarfi, abin ya kuɓuce daga yatsunsa, ya yi tsalle a kan dakali sau ɗaya, ya faɗa yashi.

Muka tsaya muna kallon yashin. Ban ce komai ba, kuma Allah ya sani wannan shirun ya fi mini azumi wuya.

Muka durƙusa muka lalube da hannu. Da abin ya ƙi, na shiga mota na fito da rariyar da nake tankaɗe garin kuskus, muka shiga tankaɗe yashi, shi yana ɗebowa da murfin tukunya ni ina girgizawa. Mun samu ƙusa biyu, da murfin kwalba, da ƙugiyar kamun kifi, da wani maɓalli da ya rantse na rigarsa ne da ya ɓata tun watan Maris. Bakin tagulla kam ko alamarsa. Rana ta take tsaka, gumi ya jiƙa masa jallabiya.

"Kawo in soya ta a kasko," na ce.

"Hanta a kasko abincin marar lafiya ce. Bulfaf na ce wa yaron."

"To riƙe tsinken a kan rishon cikin mota."

"Kitse ya ɗiga, ga labule, ga kabad na katako a sama? Ban ƙona motar mutane ba, ba zan ƙona tawa ba."

"Wa zai gaya wa Jawad abin da muka ci da wanda ba mu ci ba?"

"Ni."

Ya zauna a matakalar mota, ya cire hula ya shafa sanƙonsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi, babu fushi ko kaɗan.

"Shi ke nan. Gobe in masu gadi sun dawo mu naɗe kaya. Za ki huta, 'yar mutane. Kin yi haƙuri da ni da yawa."

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya kawai zan faɗa. Kun san abin da ya fito daga bakin nan nawa? Cewa na yi, "To, dama ai." Na ji haushin kaina har na so in ciji harshena.

Ana cikin haka sai ga ƙarar mota. Wata a-kori-kura ce shaƙe da mutane da tabarmi, a bayanta ga buhun gawayi, ga murhun yumɓu babba an ɗaure shi da igiya. Direban ya tsaya gab da motarmu ya danna oda. Duk haushin da ke cikina ya samu inda zai sauka. Na nufe shi da rariya a hannu.

"Barka da salla, Lalla. A ɗan matsar mana da motar nan."

"Barkanmu dai. Ba a wucewa."

"Ni Abdulkabir ne, kowa ya san ni a nan. Tun zamanin kakana a kan tsaunin can muke gashi ranar salla."

"To bana kakanka ma in ya dawo, nan zai tsaya. Ka ga ciyawar nan? Tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma akwai ɗan tsuntsu a sheƙa."

"Saboda tsuntsu za ki hana Musulmi cin naman salla?"

"Na hana ka ci? Wurin ci na hana ka. Ga duniya nan da faɗi a bayanka."

"Ina mijinki? Da namiji zan yi magana."

"Ga shi can, ya gaji. Yau ni ce namijin."

Wata tsohuwa da ke zaune a gaba, 'yar ƙarama cikin baƙin mayafi, ta ƙyalƙyale da dariya. Mahaifiyarsa ce, Lalla Ijja. Ta ce a sauko da ita ta ga tsuntsun da ya fi ɗanta daraja. Na riƙe mata hannu zuwa inda nake zama, na saita mata madubin. Ta daɗe tana neman wurin kafin ta gano sheƙar.

"Kai, wannan ai marigayi mijina ne," ta ce. "Har hancin."

"Uwar ce wannan, ga ɗan can a gefenta. Kwana biyu ko uku ya rage ya tashi."

"Shi kaɗai gare ta?"

"Shi kaɗai."

Ta miƙo mini madubin, ta juya ta ce wa ɗanta ya koma baya, can wajen itatuwan argan da ke bayan allon gandun, akwai inuwa, akwai fili babu ciyawa. Ya fara gunaguni, ta ce in ya ƙara kalma ɗaya a nan za ta zauna ta yi salla da mu. Ya shiga mota ya tayar.

Sai da motar ta fara juyawa na ga murhun nan sosai, baƙi da tsufa, gefensa ya ɗan ɓare, irin namu da ya fashe sak. Mutumin da na gama wanke wa kai yanzun nan shi ne mai wuta. Na haɗiye girman kaina, ya wuce da ƙyar, na buga gefen motar da rariya.

"Si Abdulkabir, tsaya. Akwai wurin mutum ɗaya a baya?"

Na koma na ɗauko kwanon hanta da tsinkaye da gishiri da garin ƙamshin da muke kira kamun, na dangwara wa Bushaib a cinya. Ya ɗago ya dube ni.

"Na ba Dadda Lahsan magana ba zan bar wurin nan ba."

"Mu biyu muka ba shi. Rabi zai tafi, rabi yana nan."

"In je in roƙi wuta wurin mutumin da kika kora?"

"Ni na kore shi, ba kai ba. Tashi."

Lalla Ijja ta leƙo ta taga ta ce, "Hau mana, Si Bushaib, ciki na kuka. Sauran faɗan ku ƙarasa gobe." Ya tashi, ya sa hula, ya hau bayan motar ya zauna kusa da buhun gawayi, rungume da kwano. Na ga Abdulkabir ya rage gudu a kan ramuka.

Na zauna ni kaɗai. Motoci biyu suka zo na mayar da su, da wasu samari a kan babur da suka ce hoto kawai za su ɗauka, na ce su ɗauke ni in hoto suke so. Tsakanin haka babu komai sai iska da ƙarar ruwa yana dukan dutse. Jinjimaye suka sauko kwamin ruwa suna sha, suna ture juna. Lalla Zhor ta dawo da abinci, ɗan ya zura kai cikin bakinta har wuya. Na zauna ina kallo, ina tunanin in aka mayar da ni hawa na uku, da me zan cika yini? Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji kunyar mutumin da na bari yana ɗauke da laifin da bai yi ba.

Daga allon gandun zuwa inda muke kilomita biyu ne da ɗoriya, yashi zalla. Na ɗauka Abdulkabir zai dawo da shi a mota in sun gama. Wajen la'asar na juya madubin wajen hanya, sai na hango farin abu yana tahowa a ƙasa. Bushaib ne. Silifa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hammata. Hannun dama a ɗage yana riƙe da abu a tsaye, hannun hagu yana kare shi daga iska. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa, yana tafe yana jan ta. Sau biyu ya tsaya ya huta, ko sau ɗaya bai sauke hannun ba. Na so in ruga in tare shi, amma na san ba zai so ba, don haka na tsaya a bakin mota ina jira.

Ya iso yana haki, leɓɓansa sun bushe. Ya zare gutsuren burodin da ya rufa wa tsinken, ya miƙo mini.

"Bismillah."

"Kai yanzu da ƙafa ka taho? Ina motar?"

"Mutumin bai ko fara ci ba."

"To da ka jira mana ya gama ya kawo ka."

"In na jira, na biyu da na uku za su nuna, a haɗa su a faranti ɗaya, in kasa gane na farko. Ina ɗauke shi daga wuta na taho. Sauran suna can, tsohuwar ta ce za ta aiko."

Na karɓa. Duk wanda ya san bulfaf ya san da zafinsa ake cinsa, daga wuta sai baki. Wannan ya huce sarai. Kitsen ya daskare ya yi fari kamar kyandir, ga yashi ya ɗan manne a gefe. Na cire yanka na farko na tauna, ya liƙe mini a dasashi. Na ci na biyu, na ci na uku. Yana tsaye yana kallon bakina.

"Ya huce ko?"

"Ya huce. Ban taɓa cin bulfaf marar daɗi irin wannan ba."

Ya yi 'yar dariya, ya zauna a matakala, ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"To, na cika maganata, Jawad ba shi da ta cewa. Amma na yi tunani a hanya, Mbarka. Ba tsinke ne zai yanke wannan ba. Shekara uku kina bina kina wahala, ni ina jin daɗi. Ya isa haka. Gobe in kai ki gida."

Wato duk tankaɗen yashin nan da roƙon wuta ba su tsirar da ni ba. Babu sauran abin da zan ɓuya a bayansa. Na zauna kusa da shi, na kalli tsinken da ke hannuna, don ba zan iya kallon fuskarsa ba.

"Ba na son komawa."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai. Ba na son Settat, ba na son hawa na uku. Tun safiyar farko nake son motar nan, wataƙila ma na fi ka sonta. Ban taɓa jin daɗin rayuwata kamar shekara ukun nan ba."

"To duk mitar fa?"

"Bakina ne. Ka san shi."

Ya cire silifar da ke ƙafarsa ya zazzage yashi, ya mayar.

"Kin san kowace sallar asuba sai na roƙi Allah ya yafe mini abin da na yi miki?" ya ce. "Shekara uku."

Wannan ta shige ni fiye da duk faɗan da muka taɓa yi. Na ce ya yafe mini, kuma ban tuna ranar da na taɓa faɗa masa haka ba. Ya ce ya yafe, ba tare da ya ja rai ba, abin da ya ƙara sa ni jin kunya.

Saura yanka ɗaya a tsinken. Tun asuba bai sa komai a cikinsa ba. Na zare na miƙa masa, ya ce a'a, na farko nawa ne. Na ce tunda nawa ne, na ba wanda na ga dama. Ya karɓa ya jefa a baki, ya tauna sau biyu, fuskarsa ta yamutse.

"Wannan kika ci har guda uku?"

"Na ci."

Ya fara dariya, kafaɗunsa suna rawa, har ya kai hannun riga yana goge ido, kuma na san ba duka ba ne na dariya. Na bar shi ya gama. Sannan na tashi na shiga mota na ɗora shayi mai zafi sosai, don kitsen ya ƙi barin bakinmu.